Usto Safarmad Ya Kai Unguwa Tafki

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan kasuwar garin Panjakent ya san Usto Safarmad mai aski. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Gajere ne kakkaura, da gashin baki murɗaɗɗe kamar ƙahon rago, kuma da zarar ya shafa wa mutum kumfa a haɓa sai labari ya ɓalle. Yau ya kori kyarkeci da takalmi ɗaya, gobe ya yi kwana uku a kan dutse cikin ƙanƙara ba ci ba sha. Shekara talatin ba a taɓa ƙaryata shi ba, don ba ka musu da mutumin da askarsa ke kan maƙogwaronka. Shi kuwa sai ya ɗauki shirun nan a matsayin shaida.

Ana nan sai tsohon mai unguwarmu ya ce ƙafafunsa sun gaji, ranar Juma'a mai zuwa a zaɓi wani. Mutum biyu suka fito: Muallim Mirzokul, tsohon malamin firamare, siriri mai magana ƙasa-ƙasa, sai kuma Usto. Muallim ya ce in an zaɓe shi zai sa a yashe magudanar ruwan da ta ratsa unguwa.

"Magudana!" in ji Usto a gidan shayi, har shayin na fantsama daga kofinsa. "Mutum ya tashi neman shugabanci ya kawo mana kwata! Ni ranar Lahadi zan kwashi unguwar nan kaf in kai ta tafkin Kabud. Mota tawa, rago nawa, osh kuma, dafa-dukar shinkafa da nama da karas, da hannuna zan dafa. In nuna muku dutse mai amsa magana, in nuna muku inda ruwa ke faɗowa daga sama. Duwatsun can sun san ni kamar yadda kuka san ni."

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Bozorgul a bakin tanderu tana fitar da gurasa. Labarin ya riga shi isowa.

"Baban Manija," ta ce, ba ta ko juyo ba, "yaushe ka taɓa zuwa tafkin Kabud?"

"Kafin in aure ki."

"Kana ɗan shekara sha tara ka aure ni. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta ce ko bakin rafi ba ta barin ka je."

"Ke dai ki gasa gurasarki. Harkar dutse ba ta mata ba ce."

"To," in ji Bozorgul. Ta ƙara kwaɓa gari.

Ranar Lahadi da sassafe tsohuwar bas ɗin Nazarali direba ta tsaya a bakin masallaci. Mutum ashirin da huɗu suka cusu a ciki, maza gaba, mata baya. A can ƙarshe, bayan labule, aka jibge ƙatuwar tukunyar ƙarfe da shinkafa da mai da buhun karas, aka ɗaure ragon kusa da su. Usto ya iso a ƙarshe cikin takalmin soja na aro da ya yi masa yawa, da baƙin tabarau, da sanda wadda ta fi shi tsawo. Ya zauna kusa da direba. Har Muallim ya zo, don Usto ya gayyace shi musamman ya ga yadda ake shugabanci.

Tafiya ta yi daɗi har suka isa wata gada, inda hanya ta rabu biyu. Nazarali ya karya kan mota dama.

"Ina za ka?" in ji Usto. "Hagu!"

"Usto, allo ya nuna dama fa."

"Allon baƙi aka yi wa. 'Yan gida hagu suke bi, a yanke rabin tafiya. Kai ka taɓa kwana a dutse?"

Nazarali bai taɓa ba, sai ya bi hagu. Kwalta ta ƙare, tsakuwa ta ƙare, aka shiga hanyar jakuna. Mota na tsalle, kawuna na dukan rufi. Daga baya aka ji muryar Hola Oyimgul, tsohuwar da duk unguwa ke tsoron bakinta.

"Safarmad! Haƙora uku suka rage mini, kuma da su nake son in koma gida!"

Bayan awa guda sai ga ruwa. Usto ya buga tsawa a tsaya, ya dira ƙasa, ya ware hannuwa.

"Jama'a, ga shi! Kabud!"

Mutane suka sauko suka yi cirko-cirko. Kududdufi ne da bai fi masussuka faɗi ba, ruwansa kore-kore, jakuna biyu na kiwo a gefe.

"Wannan ne?" in ji Hola. "Bahon wankina ya fi shi."

"Bana fari aka yi, ya janye. A zamanina, daga nan ba ka hango wancan gefen. Amma albarkar tana nan, maganin ciwon gwiwa ne sadidan." Ya durƙusa ya kamfato da hannu biyu ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya sake kamfata.

Sai ga wani dattijo a kan jaki. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallon Usto da tausayi.

"Baƙo, ƙishirwa ce haka? Da ka yi magana an kawo maka daga gida. Nan muke wanke tumaki. Jiya ma muka zuba maganin kaska."

Usto ya fesar da abin da ke bakinsa har kan takalmin Muallim.

"Tafkin Kabud fa, Baba?" Muallim ya tambaya.

"Ai kun baro hanyarsa tun gada. Dama ake bi. Akwai ma allo."

Usto ya goge gashin baki. "Gwada ku nake yi. Shugaba dole ya san wa ke lura, wa ke bi ido rufe. Kun faɗi dukanku."

"Kai kuwa ka ci," in ji Hola. "Ko kaska ba za ta ƙara hawa kanka ba."

Ba wurin juya mota. Da baya-da-baya aka sauko, maza na tafe a ƙasa suna tare duwatsu, Usto na gaba yana kaɗa sanda yana ba da umarnin da ba mai ji.

Rana ta karkata kafin su isa tafkin gaskiya. Da motar ta zagayo kwanar ƙarshe sai hayaniya ta ɗauke ɗif. Ruwa ne shimfiɗe tsakanin duwatsu, shuɗi shar kamar an rina shi, ƙanƙarar da ke kan tsaunuka kwance a cikinsa a kife. Ba wanda bakinsa ya kai na Usto buɗewa. Ya cire tabarau, ya manta da sanda.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Ashe haka yake."

"Usto, kamar yau ka fara ganinsa," in ji Muallim.

"Ya ƙara girma ne."

"Ba ɗazu ka ce fari aka yi ba?"

"A wancan kwarin. Ku sauke kaya!"

Shi da kansa ya buɗe ƙofar baya. Ragon ya riga ya cinye igiyarsa, ya huda buhun karas ya yi masa kaca-kaca, ya kuma bar shaida a cikin tukunya. Yana ganin haske ya yi tsalle ya taka ƙirjin Usto, ya kifar da shi, ya nufi dutse da gudu.

"Ku bar shi!" Usto ya yi ihu daga kwance. "Na san inda zai bi. Naman ragon da ya sha iskar dutse ya fi daɗi. Mata su shimfiɗa tabarmi, sauran ku biyo ni, za mu tare shi a hanya."

Suka bi shi, har da Hola, wadda ta ce ba za ta bari a ba ta labari ba. A gindin wani tsauni mai kama da bango Usto ya tsaya.

"Wannan ne dutse mai amsa magana. Abin da ka faɗa, sau uku yake maimaitawa. Ku saurara." Ya cika ƙirji da iska. "SAFARMAD MAI UNGUWA!"

Shiru. Sai daga can sama wata murya ta sauko.

"Wane jaki ne ke firgita mini tumaki?"

Nazarali ya toshe baki da hula. Hola ta riƙe ciki.

"Wallahi dutsen nan ya san ka, Safarmad! Gaskiya ka faɗa!"

"Makiyayi ne," in ji Usto, fuska a murtuke. "Tsohon abokina ne, wasa muke yi. Mu je."

Tun daga nesa suke jin rugugin ruwan da ke faɗowa. Da suka isa, sai ga wata siririyar gadar katako a kan kwazazzabo, ruwa na tafasa a ƙasa fari fat, feshinsa na tashi kamar hayaƙi. Sai an ƙetare ake ganin inda yake zubowa. Usto ya hau da ƙarfinsa, taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya leƙa ƙasa ta tsakanin katakai. Ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki, ya rungume katako.

"Usto, lafiya?" in ji Nazarali.

"Ina duba ƙusoshin ne, ko za su ɗauki Hola."

"Ni ina wannan ƙetaren tun ɗazu!" Hola ta amsa. "Ta kanka na tsallako!"

Haka kowa ya tsallake shi ya je ya ga ruwa ya dawo, yana nan manne. Daga ƙarshe Muallim ne ya durƙusa ya kama hannunsa.

"Rufe ido, Usto. Ja da baya a hankali, kamar yadda nake fitar da 'yan aji ɗaya daga ƙarƙashin benci. Yauwa. Saura kaɗan."

Suna taka ƙasa Usto ya fizge hannunsa. "Ƙusoshin lafiya lau suke. Kuna iya wucewa."

Suka koma bakin tafki ba rago, ga yunwa ta fara magana. Ba nama, ba karas, tukunya kuma sai an wanke ta sau bakwai. Fuskoki suka fara canzawa, Usto ya ga ƙuri'unsa na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaramin kwalekwale ɗaure a bakin ruwa, da ƙugiya da zare a ciki.

"Wa ke ta rago? Kifi za ku ci! Kifin tafkin nan da hannu nake kama shi."

Mai kwalekwalen, wani mutum mai gemu da ke sayar da shayi a rumfa, ya fito. "Yaya, ka iya tuƙi? Iska na tashi bayan la'asar."

"Ƙanena, tun ba a haife ka ba nake ratsa ruwan nan."

"Baban Manija," in ji Bozorgul, "zauna ka ci gurasa."

"Ke dai ki hura wuta."

Ya kwance igiya, ya shiga ya tsaya a tsaye don kowa ya gan shi. Ya kafa matuƙin a cikin laka ya tura da dukan ƙarfinsa. Kwalekwale ya tafi, matuƙi ya zauna. Yana nan kafe a laka kamar tuta, Usto na kallonsa yana nisa.

"Haka ake yi!" ya yi ihu. "Masana ba sa buƙatarsa!"

Ya zauna da sauri. Kwalekwalen ya juya sau biyu, ya kama hanyar tsakiya. Usto ya jefa ƙugiya ta kama wandonsa. Kafin ya cire ta, mutanen da ke gaɓa sun koma ƙanana kamar kaji. Ya leƙa ruwan. Bai ga ƙasa ba, sai shuɗi da ke ƙara duhu. Ya tsoma yatsa, sanyin ya ratsa shi har ƙeya.

Ya ɗaga hannu biyu yana kaɗawa. Mutanen unguwa suka ɗaga nasu suna mayar da gaisuwa.

Daga inda yake, yana ganin komai. Ya ga Bozorgul ta ɗauki kwandon gurasa ta hau wajen bukkokin makiyaya. Bayan ɗan lokaci ya ga ta sauko, wata mata na biye da ita da ƙwarya a ka, wani dogon makiyayi kuma na janye da rago. Ragonsa! Ya ga tana nuna nan, tana nuna can. Nazarali ya durƙusa da wuƙa, Muallim ya naɗe hannun riga yana yanka albasa, maza na kawo itace a guje. Hayaƙi ya tashi. Ba wanda ke duban tafki.

Sai iskar da aka faɗa ta iso. Ruwa ya fara marin kwalekwale, yana tsallakowa ciki. Usto ya cire takalmin soja yana kwarfewa, takalmin ya suɓuce ya nutse. Ya cire na biyun, ya bi ɗan'uwansa. Iska ta kwashe shi ta nufi wani tsauni baƙi da ke tsaye a gefen tafkin. Ya karanta duk abin da ya haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Da wata igiyar ruwa ta ɗaga shi ta sauke, sai ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa.

"Ku cece ni! Ban iya iyo ba! Ban taɓa zuwa nan ba!"

Ashe wannan ne dutse mai amsa magana. Ya karɓi zancen ya watsa shi a kan ruwa, tangararan.

"Ban taɓa zuwa nan ba… zuwa nan ba… nan ba…"

Unguwarmu ta ji. Mai shayi ya ji. Wasu baƙi da suka zo daga birnin Dushanbe ɗaukar hoton amarya da ango suka ji. Makiyayi ya ji, har tumakinsa suka ɗaga kai.

"Kyarkecin ma ƙarya ne!" Usto ya ƙara, don in mutuwa ce ya tafi da sauƙin kaya.

"Ƙarya ne… ƙarya ne… ƙarya ne…"

Jama'a suka kwasa a guje ta bakin gaɓa, Bozorgul na gaba da ludayi a hannu. Iskar da ta kai shi ita ta dawo da shi, ta turo kwalekwalen cikin ciyayin bakin ruwa. Usto da idonsa ke rufe ya ji an yi karo, ya zabura, kwalekwale ya kife. Ya shiga dukan ruwa da hannu da ƙafa.

"Na nutse! Bozorgul, ki yafe mini! Askar Jamus tana ƙarƙashin katifa, ki ba mijin Manija!"

"Baban Manija."

"Na tafi!"

"Baban Manija, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iya cinyarsa.

Dariyar da aka yi, dutsen ma sai da ya taya. Mai ɗaukar hoton amarya ya bar amarya ya juyo da na'urarsa. Nazarali ya kwanta a kan tsakuwa yana dukan ƙasa. Muallim kaɗai ya yi ƙoƙarin daurewa, shi ma hawaye ya tona shi.

Aka fito da shi ba takalmi, gashin baki ya kwanta kamar jiƙaƙƙen ɓera. Aka tuɓe masa riga, Hola ta lulluɓe shi da babban mayafinta mai jajayen furanni, aka zaunar da shi kusa da wuta, haƙoransa na kaɗawa.

Osh ya nuna. Ba karas, amma Bozorgul ta zuba busassun 'ya'yan itacen da matar makiyayi ta ba ta a madadin gurasa, ga kindirmo mai sanyi a gefe. Aka zauna da makiyayin da matarsa da mai shayi, har amarya da ango aka miƙa wa faranti. Aka ci har sai da aka ga gindin tire.

Hola ta lashe yatsa ta gyara zama. "Ni ban ga abin jiran Juma'a ba. Yawancin masu zaɓen ga su nan zaune. Wa ya samo rago? Wa ya sa ƙartin nan aiki ba tare da ta ɗaga murya ba? Wa ya ciyar da mu?"

Duk ido ya koma kan Bozorgul, wadda ke tattara kwanoni.

"Hola, rufa mini asiri. Ni mai gurasa ce."

"Ni na janye," in ji Muallim. "Shekara arba'in ina koyarwa, ban taɓa sa Nazarali ya yi abu sau ɗaya da faɗa ɗaya ba. Yau na ga an yi."

Hannuwa suka tashi. Har makiyayin ya ɗaga nasa, aka ce masa shi ba ɗan unguwa ba ne, ya ce duk da haka. Aka tsayar cewa ranar Juma'a sai dai a sanar da tsohon mai unguwa ya sa albarka.

Usto na zaune cikin mayafin Hola. Yana kallon wuta, yana kallon matarsa. Sai a hankali hannu ya fito daga cikin mayafin, ya kama gashin baki ya fara murɗa shi sama.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Abin da na tsara ke nan tun farko. Ku yi tunani da kyau, jama'a. Mai unguwa tana mulkin unguwa. Ni kuma ina mulkin mai unguwa. To wa ke sama?"

"Baban Manija," in ji Bozorgul, ba ta ko ɗago kai ba. "Tukunya."

"Na'am."

Ya tashi, ya tattare mayafin Hola a ƙugu, ya ja ƙatuwar tukunyar zuwa bakin ruwa, iya inda ba zai jiƙa idon sawu ba. Ya durƙusa ya ɗebi yashi ya fara dirza. Nazarali ya zo wucewa da tabarmi a kafaɗa.

"Nazar, tsaya ka koya," in ji Usto. "Duk faɗin kwarin nan, ba wanda ya kai ni iya wanke tukunya."